Dala 5,000 cikin dala 1,296,000: an zalunci mai ɗaukar jaka, ko ciniki ne ya faɗa?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya Alhaji mai shagon taya ya faɗi wata magana da ta tayar da ƙura, na ce gara mu kawo ta fili kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ga tushen zancen. A watan Nuwamba na 2018 ɗan wasan golf na Amurka, Matt Kuchar, ya lashe gasar Mayakoba a ƙasar Meksiko, ya karɓi dala 1,296,000. Kadinsa na kullum bai je ba, sai ya ɗauki wani ɗan gari da ke aiki a filin, David Ortiz. Ga wanda bai sani ba, kadi shi ne mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna, yana binsa rami-rami yana ba shi shawara. Da aka tashi, Kuchar ya ba shi dala 5,000. Alhaji ya ce babu zalunci ko kaɗan. Bismillah, amma a yi da ladabi.

Mai Shagon Taya: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Kafin a buga ƙwallo ko ɗaya sun zauna sun yi jinga. Kuchar ya ce sun shirya a kan abin da ba zai wuce dala 4,000 ba in ya shiga sahun goma na farko, kuma ya ƙara masa dubu ɗaya a kai. Ni ɗan kasuwa ne. In na yi jinga da ɗan dako ya sauke min mota, ya ce ya sallama, sai kayan suka yi tsada washegari na ci riba, zai dawo ya ce in raba da shi? Da na faɗi fa, zai mayar min da kuɗin dakon? Alkawari kaya ne, kuma kowa ya ɗauki nasa.

Malamar Lissafi: Alhaji, bari mu fara da alƙaluma kafin mu shiga karin magana. Dala 5,000 cikin 1,296,000 bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Al'adar da aka sani a gasannin PGA, wato manyan gasannin ƙwararrun 'yan golf na Amurka, ita ce kadi yana da kuɗin mako da aka yanke masa, sannan kashi 5 cikin ɗari na abin da ɗan wasa ya samu, kashi 7 in ya shiga goma na farko, kashi 10 in ya ɗauki kofi. Kashi 10 na wannan kuɗi dala 129,600 ne. Shi Ortiz ma bai nemi wannan ba, dala 50,000 ya nema, wato ƙasa da kashi 4. Kuma ɗan dakonka ba ya cikin abin da ya sa kayanka suka yi tsada. Shi kuwa kadi yana cikin abin da ya kawo nasarar.

Mai Shagon Taya: Malama, wannan kashi 10 ɗin ba kyauta ba ce, kuma nan ne mutane ba sa dubawa. Kadin da ke yawo da ɗan wasa shekara sukutum shi yake biya wa kansa jirgi da masauki da abinci. Gasa kwana huɗu ce, bayan kwana biyu a tankaɗe kusan rabin 'yan wasa, wanda aka tankaɗe yawanci ya koma gida ba ko sisi daga kuɗin gasar. A irin wannan makon kadi kuɗin mako kawai zai gani, wanda tafiya ta riga ta cinye. Zai iya jera makonni a haka. To ranar da aka ci kofi, wannan kashi 10 shi ke cike ramukan baya. Ortiz a garinsu yake, bai hau jirgi ba, bai sha wuyar makonnin rashi ba. Don me zai ci ladan kasadar da bai ɗauka ba?

Malamar Lissafi: Wannan hujja ce mai nauyi, na karɓe ta. Shi ya sa ban ce lallai sai an ba shi 129,600 ba. Amma tsakanin 5,000 da 129,600 akwai fili mai faɗi, Alhaji, kuma Kuchar ya je can ƙarshen gefe ya tsaya.

Tsohon Kadi: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba, amma wannan ta taɓa ni, don na yi shekaru ina ɗaukar jaka a wani fili a nan Arewa tun ina saurayi. Alhaji, da girmanka, kwatanta kadi da ɗan dako kuskure ne, kuma ba raina dako nake ba, sana'a ce ta halal. Jakar manyan 'yan wasa takan kai kilo ashirin, ramuka goma sha takwas ne, tafiyar ta kusa kilomita goma, sa'a huɗu zuwa biyar kana tsaye. Amma nauyin ba shi ne aikin ba. Aikin yana cikin kai. Kai za ka san daga nan zuwa tutar rami taku nawa ne, iska daga ina take kaɗawa, wace sanda za a zaro cikin goma sha huɗun da ke jaka. In an iso kusa da rami kai za ka durƙusa ka karanta ƙasa, ka ce ƙwallon nan za ta karkata hagu da faɗin tafin hannu. Kuma in maigidanka ya ɓata bugu zuciyarsa ta tashi, kai za ka san lokacin magana da lokacin yin shiru.

Yanzu ku duba Ortiz. Wannan fili nan yake wuni kullum. Ya san inda iskar teku ke yaudarar baƙo, ya san yadda ciyawar wurin ke kwanciya. Kuchar rabonsa da cin gasar PGA tun 2014, fiye da shekara huɗu. Ban ce Ortiz ne ya buga masa ƙwallo ba, hannun Kuchar ne ya buga. Amma a makon da ya ɗauki ɗan gari, a makon aka buɗe masa ƙofa. Mutum mai kunya ba sai an tuna masa wannan ba.

Ɗalibin Shari'a: Baba, Allah ya ƙara girma. Ina da gyara ga Alhaji a kan jingar kanta. Ba a rubuta komai ba, da baki aka yi, kuma bakin nasu bai zo ɗaya ba. Shi Ortiz cewa ya yi an shirya a kan dala 3,000 tare da wani kaso na abin da aka ci, wanda ba a yanke ba. Ka ga ke nan ba za mu ɗauki maganar mai kuɗin ita kaɗai mu ce ita ce yarjejeniya ba. Kuma inda sharaɗi ya zo a dunƙule, al'adar masu sana'a ake komawa a warware shi. Al'adar kuwa Malama ta faɗe ta.

Mai Shagon Taya: Ɗana, ai hadisi ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Ɗalibin Shari'a: Haka ne Alhaji, amma sai an san sharaɗin tukuna. Kuma akwai hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wannan bawan Allah sai da ya yi wata uku yana bin haƙƙinsa. An yi masa tayin ƙarin dala 15,000 ya ƙi karɓa. Sai a watan Fabrairu na 2019, bayan 'yan jarida da 'yan kallo sun taso Kuchar a gaba, ya fito ya nemi afuwa ya cika masa dala 50,000.

Ɗan Ƙungiyar Ƙwadago: Ni abin da ya fi ci min rai ba dubu biyar ɗin ba ne, dalilin da Kuchar ya kawo ne kafin ya janye. Cewa ya yi ga mutumin da ke samun dala 200 a rana, dala 5,000 a mako ai babban mako ne. Ku tsaya ku auna wannan magana. Ba aikin ya kalla ba, talaucin mai aikin ya kalla ya yanka masa farashi. Da Ba'amurke ne ya ɗauki jakar nan ta mako guda, ba zai yi masa wannan lissafin ba. Kuma irin lissafin da ake yi wa lebura ke nan ko'ina: ai ya saba da kaɗan, wannan ma ya ishe shi.

Kuma matsalar ta girmi Kuchar. A gasannin PGA kadi ba ma'aikacin hukumar da ke shirya gasannin ba ne, ɗan wasa ne ya ɗauke shi, ranar da ya ga dama ya sallame shi. Amma hukumar tana tilasta masa sa 'yar riga mai ɗauke da tambarin kamfanin da ya ɗauki nauyin gasa, ya wuni yana yawo gaban kyamara kamar allon talla, ba a ba shi komai a kai. A 2015 masu ɗaukar jaka fiye da tamanin suka kai ƙara kotu a Kalifoniya, suka ce rigunan nan suna kawo wa hukumar kusan dala miliyan 50 a shekara. A 2016 alƙali ya kori ƙarar, ya ce sun sa hannu a takardar da ta yarda da tufafin da aka tsara. Ka ji, Alhaji? Nan ma hujjarka ce aka kawo, wai sun yarda. To wanda in bai sa hannu ba ba zai shiga fili ba, yardarsa yarda ce?

Mai Shagon Taya: Kwamared, kada mu mayar da su abin tausayi duka. Ted Scott, mai ɗaukar wa Scottie Scheffler jaka, ana kiyasin abin da ya samu a 2024 ya haura dala miliyan 5, ya fi 'yan wasa da yawa da ke buga ƙwallon da kansu. Steve Williams ya yi arziki a bayan Tiger Woods daga 1999 zuwa 2011. Tsarin da kake zagi shi ne ya ba su wannan.

Malamar Lissafi: Mutum nawa ne Ted Scott, Alhaji? Babbar gasa kan tara 'yan wasa har 156, kowa da kadinsa, kofi kuma ɗaya ne. In za a auna sana'a, ba da wanda ya fi kowa sa'a ake aunawa ba.

Ɗan Ƙungiyar Ƙwadago: Kuma ku lura da lokacin da kuɗin ya shigo. A babbar gasar Masters da ake yi a garin Augusta na Amurka, har zuwa 1982 dole ne ɗan wasa ya ɗauki kadin filin, kuma dukansu baƙaƙen fata ne 'yan unguwannin garin. Su suka san filin kamar tafin hannunsu. Willie Peterson ya raka Jack Nicklaus ya ci kofin sau biyar. Daga 1983 aka ba kowa damar zuwa da nasa, kuma kuɗin gasa ya yi ta hauhawa bayan nan. Kaɗan ne cikin kadin filin suka tsira, irin su Carl Jackson da ya ci da Ben Crenshaw a 1984 da 1995. Lokacin da aikin yake na wahala da ɗan abin hannu, nasu ne. Da ya zama na miliyoyi, sai ya koma hannun abokai da 'yan'uwan 'yan wasa. A 2025 Rory McIlroy ya ci dala miliyan 4.2 a wannan fili, kadinsa Harry Diamond abokinsa ne tun yarinta.

Mai Shagon Taya: Wannan na Augusta ban san shi ba, kuma bai min daɗi ba. Zan rage murya a kan abu ɗaya: maganar dala 200 a rana ba ta dace ba, ni ma ba zan so a faɗa wa yarona na shago haka ba. Amma har yanzu ina rarrabe abu biyu. Rowa daban, zalunci daban. Kuchar ya yi rowa, ya kasa ihsani a ranar da Allah ya buɗa masa. Cewa ya ci haƙƙi kuwa, sai an tabbatar min da abin da suka shirya.

Tsohon Kadi: Alhaji, a bakin mai shago rowa da zalunci suna da iyaka a tsakaninsu. A wurin mai jaka a kafaɗa iyakar ba ta ganuwa, domin kusan duk abin da yake samu a hannun ihsanin maigida yake. Bari in gaya muku yadda muka yi. Da asuba muke zuwa mu zauna ƙarƙashin bishiya muna jiran a kira mu. Babu albashi. In an fita da kai ka samu, in ba a fita ba ka koma gida da ƙafa. Abin da aka yanke na zagaye ɗaya da ƙyar yake wuce kuɗin mota da abinci, sauran sai abin da mutum ya ga dama ya miƙo. Da damina mu ke kutsawa cikin ciyawa neman ƙwallo, ga macizai. In ta ɓata laifinka ne. Na taɓa bin wani mutum rana ta take, ya ci caca mai yawa a hannun abokansa, kuma bugu biyu na ƙarshe ni na karanta masa ƙasa. Da muka iso mota ya ba ni daidai abin da aka yanke, ya rufe gilashi. Bai saɓa alkawari ba. Amma shekara fiye da talatin ke nan ban manta ba.

Kuma ku sani laifi ba a raba shi da kaso. A gasar Open ta 2001 a Ingila, Ian Woosnam yana cikin masu jan gaba a ranar ƙarshe, sai aka tarar da sanda goma sha biyar a jakarsa maimakon goma sha huɗun da doka ta yarda. Aka ci shi tara, aka ƙara masa bugu biyu a wasan da mai ƙarancin bugu ke cin nasara, duniya duka ta ɗora wa kadinsa. To in kuskuren kadi yana iya kayar da ɗan wasa, ai ƙwarewarsa ma tana iya ɗaga shi.

Ɗalibin Shari'a: Baba, to me ya riƙe ku a aikin?

Tsohon Kadi: Wasan, ɗana. Ranar da fili ba kowa akan bar mu mu buga da tsofaffin sandunan da aka ba mu, sanda ɗaya mu biyar muna karɓa-karɓa. Ta wannan ƙofar Seve Ballesteros ya shigo a Sifaniya, da Ángel Cabrera a Ajantina, dukansu da ɗaukar jaka suka fara kafin su ci Masters. Mu ma a nan yawancin ƙwararrunmu daga ƙarƙashin bishiyar nan suka fito. Yaran da ke zaune a wurin yanzu, duk wanda ya zo gaishe ni abu ɗaya nake gaya masa: kafin ka saɓa jakar baƙo a ranar gasa, ka tambaye shi a gaban shaida, in an ci nawa ne nawa.

Shugaban Zaure: An kira sallah a nan. Alhaji ya turo min cewa yana da sauran magana a kan shari'ar rigunan talla, zai kawo ta bayan isha'i.