Neman shawara: na ɗau alwashin zane 30 a watan Yuni, yau 11 ga wata guda 3 kawai na yi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai. Tun ina ƙarama nake zane, a bayan littafin lissafi nake yi, har wani malaminmu ya yaga min shafi a gaban aji ya ce ɓata lokaci ne, daga ranar na ajiye fensir kusan shekara 9. Yayata ce ta sai min littafin zane da akwatin fentin ruwa mai kala 12 lokacin da na samu aiki shekara 3 da suka wuce, ta rubuta sunana a bangon ciki da hannunta, ita ba ta ma iya zane ba amma ita kaɗai ta tuna ina yi, kuma yanzu ta bar garin sai dai waya, duk sanda muka yi magana sai ta tambaye ni littafin nan fa, ni kuma ko ledarsa ban cire ba sai bana.

To a layinmu akwai wani tsohon gini mai hawa biyu, tagoginsa na katako ne, da wata babbar bishiya a gefe, an kafa allo cewa za a rushe shi. Shi ne na ce zan zana shi sau 30 a wannan watan, kullum ɗaya daga kusurwa daban tunda rana ta yi tsawo yanzu. Amma ina fita aiki 7 na safe, kafin bas ta fito da ni daga cunkoso 6 ta wuce, na iso a gajiye, zafi kuma bai sauka ba. In na zauna fentin bushewa yake kafin in ja burushi sau biyu sai ya bar min layi-layi, takardar ta kumbure, inuwa ta gudu daga inda na fara ta, ga mutane suna tsayawa a kaina. Ɗakina a hawa na 4 yake, da dare kamar tanda. Ya zan yi in cika 30 ɗin nan?

Tsohon mai zane:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekara 20 ina wannan harkar, ki saurare ni da kyau. Matsalarki ta farko takarda ce, ba zafi ba. Duba bayan littafin ki gaya min nauyinta, na tabbata ba ta wuce giram 120 a kowane murabba'in mita ba, irin wannan ta fensir ce. Fentin ruwa yana son giram 300, in da hali ta auduga zalla saboda tana riƙe danshi ta ba ki lokacin gyara. In dole sai mara nauyi, ki manne gefenta huɗu da tef a jikin allo. Na biyu ki ajiye fentin gaba ɗaya har watan ya ƙare, biro mai tawadar da ruwa ba ya wankewa da fensir 2B sun ishe ki, minti 20 kin gama. Wanda ya shekara 9 bai zana ba ba ya farawa da kala a bakin titi. Wannan ba ra'ayi ba ne, haka abin yake.

Mai tambaya:
Na gode Malam. Na duba, 110 aka rubuta. Amma gaskiya ba zan iya canza littafin ba, shi Yaya ta ba ni kuma a cikinsa nake so ginin ya kasance. Kalar kuma ita ce dalilin komai, tagogin nan kore ne da ya koɗe, ƙarƙashinsa ana ganin wani shuɗi na da, biro ba zai nuna wannan ba.

Mai kamara:
Ni dai Anti shawarata mai sauƙi ce, ranar Asabar ki fita da sassafe ki ɗau hoton ginin ta kusurwa 30 da wayarki, sai ki riƙa zanawa a ɗaki gaban fanka. Ko gobe aka rushe shi kina da shi. Amma fa ki adana hotunan wuri biyu, ni bara na yi wata 4 ina ɗaukar titunan unguwarmu da asuba, wayar ta faɗa ruwa komai ya tafi, na kai wa mai gyara ya riƙe ta sati 3 ya dawo min da ita fayau, har yau in na wuce ta gaban wajen raina ɓaci yake, kuma tun lokacin ban ƙara fita ɗaukar hoto da asuba ba wallahi.

Tsohon mai zane:
A'a, kar ki bi ta hoto. Kamarar waya in ka ɗaga ta sama sai bangon gini ya riƙa matsewa ta sama kamar zai faɗi baya, ta kuma cinye abin da ke cikin inuwa, wanda ya kwafa sai ya kwafi kuskuren. Akwai ƙungiyar Urban Sketchers da wani ɗan jarida mai zane Gabriel Campanario ya fara a 2007 a Amurka, yanzu suna birane da yawa a duniya, sharaɗinsu na farko shi ne a zana abu a inda yake, ido da ido. Maganar inuwa kuma, duniya tana juyawa digiri 15 duk awa ɗaya, ba za ta jira ki ba. Da kin zauna ki shata iyakar inuwar da fensir a minti 2 na farko, daga nan kar ki ƙara kallon ta ginin, ta takardarki za ki bi.

Mai kamara:
Malam ai ba gasa ta shiga ba balle a ce sharaɗi. Ginin za a rushe.

Maman yara uku:
Ƙanwata ni abin da ya taɓa ni maganar yayarki ce. Ki gode Allah kina da mai tambayarki. Ni na fara ɗinka bargo na 'yan ƙyallaye tun sanyin da ya wuce, murabba'i 48 nake buƙata na yi 17, yanzu yara sun kusa hutu gidan zai koma kasuwa, teburin da nake yanka a kai shi ne na karatunsu, ga maƙwabcin sama ya fara gyaran gida guduma tun safe, kuma ba wanda ya taɓa ce min ina bargon nan, sai dai a ce yaushe za ki kwashe tsummokaran nan. Ki rage 30 ɗin ya koma 10 kawai ki huta, ba wanda zai ƙirga.

Mai tambaya:
Allah ya ba ki ikon gamawa Anti, 17 ba kaɗan ba ne. Amma ni zan ƙirga. Na riga na faɗa wa Yaya 30. Hoton kuma na gane amfaninsa, sai dai ni zama a gaban ginin nake so, ran nan ina zaune na lura akwai tsuntsaye da suka yi sheƙa a saman taga ta uku, shekara 3 ina wucewa ban taɓa gani ba.

Ɗalibin zanen gini:
Anti ba ki faɗa mana yaushe za a rushe ba, kuma ginin gabas yake kallo ko yamma? Wannan ne zai nuna lokacin da ya dace. In yamma yake kallo to ƙarfe 6 rana tana dukan fuskarsa, ke kuma tana bayanki. Sannan zafin da kike ji da yamma ba na rana kaɗai ba ne, kwalta da siminti suna shan zafi wuni guda su riƙa sakinsa har dare, shi ya sa cikin gari ya fi bayan gari zafi bayan faɗuwar rana, kuma zafi ya fi tsanani wajen 3 zuwa 4 na yamma ba tsakar rana ba. Lokaci mafi sanyi gab da fitowar rana ne. Zuwa 20 ko 21 ga Yuni rana ta kai ƙarshen tsawonta a arewacin duniya, gari yana wayewa da wuri, ki gwada minti 40 kafin ki tafi aiki, mutane ma ba su fito ba. Don bushewar fenti ki samu 'yar kwalbar feshi ki riƙa fesa wa akwatin, ƙaro ne ke riƙe fentin ruwa, ko ya bushe da ya ji ruwa zai farfaɗo. Wasu suna ɗiga gilisarin kaɗan a ruwan.

Tsohon mai zane:
Feshi daidai ne. Gilisarin kuma kar ki soma, in ya yi yawa fentin danƙo zai yi ya ƙi bushewa, ki rufe littafi shafi ya manne da ɗan uwansa. Kuma a takardar giram 110 duk ruwan da kika ƙara kumburi kika ƙara, mun dawo maganata ta farko ke nan. Masu Inktober da Jake Parker ya fara a 2009 zane 31 suke yi a watan Oktoba, me ya sa suke iya gamawa? Don tawada ce kawai. Na ga irinki da yawa, ana farawa da zafi a sati na biyu a ajiye. Ni kaina akwai masu shirya wani baje koli da suka karɓi zanena 6 suka ce wata ɗaya, shekara 2 ke nan ban gan su ba, shi ya sa nake cewa ki yi abin da za ki iya riƙewa a hannunki ki gama.

Mai tambaya:
Malam ba ajiyewa zan yi ba, da zan ajiye da ban zo nan ba. Safiya kuma ba za ta yiwu min ba saboda wani dalili na gida da ba na son shiga ciki. Ban san ko gabas ne ko yamma ba, amma in na dawo gefen tagogin yana cikin inuwar bishiyar. Zan gwada feshin da shata inuwar. Biro zalla dai a'a.

Maman yara uku:
Ku bar ta da kalarta mana. Ni ma kowa ce min yake in kai wa mai keke ya haɗa min a kwana ɗaya.

Mai kamara:
Ko ba za ki zana daga hoto ba, ki ɗauka ki ajiye dan Allah. Minti 10 ne.

Mai tambaya:
Yau na fita 6 da rabi na yamma, na yi na 4 amma rabi, takardar ta sake kumbura ta wajen bishiyar, tagogin dai sun fito fiye da na baya. Ina zaune wasu ma'aikata suka sauke kwanon rufi a gaban ginin, ina jin zagaye shi za su yi. In suka zagaye daga tagar matakalar benenmu kawai zan iya hangen hawa na sama. Akwai wanda ya san ko za a iya manna takarda mai nauyi a kan shafin littafin ba tare da ya ƙi rufuwa ba?

Tsohon mai zane:
Shafi 26 za ki manna? Gindin littafin zai fashe. Ki sai wani littafin na ce.

Ɗalibin zanen gini:
Anti har yanzu ba ki faɗi ranar da aka rubuta a allon ba.