Wane suna za mu raɗa wa gidan "antebellum"?

Masu fassara, ku matso. Kalmar daga Latin take: ante, kafin, bellum, yaƙi. A Amurka ana nufin lokacin da ya gabaci yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, kuma galibi manyan gidajen attajiran Kudu ake kira da ita.

Mu fara ganin jaririn kafin suna. Ga Oak Alley a bakin kogin Misisifi, jihar Luwiziyana, wanda aka gina wa Jacques Roman, mai gonar rake, tsakanin 1837 da 1839. Ginshiƙai 28 irin na Girkawa sun kewaye shi ta ko'ina, ga manyan bishiyoyi 28 a sahu biyu tun daga ƙofa har wajen kogi. Baranda ta zagaye benen, ɗakuna masu tsawo, ƙofofi na kallon juna don iska ta ratsa, saboda zafin wurin ba wasa ba ne. Tubalin kuwa bayi ne suka buga shi, su ne suka sare raken da ya biya kuɗin ginin. Yau wata gidauniya ke riƙe da gidan, 'yan yawon buɗe ido na shiga.

Wani ya kawo "gidan kafin yaƙi". To, wane yaƙin? Mai karatu a Zariya Biyafara zai tuna, 1967. Wani ya ce a bar ta "antibelam". Haba malam, sai ka ce maganin tari.

Ni dai "gidan gandu na zamanin bauta" na zaɓa. Gandu tamu ce tun da daɗewa: babbar gonar sarki ko attajiri da bayi ke nomawa, kamar yadda aka yi a ƙasar Kano a ƙarni na 19. Muna ma da "rinji", ƙauyen bayi a gona, wadda ta dace da bukkokin katakon da ke bayan gidan. Kalmar Latin ɗin yaƙi kawai ta ambata, ta yi shiru kan masu aikin. Tamu ba za ta yi shirun ba.

Na ji ƙorafin cewa gandu na nufin gonar iyali ma. Gaskiya ne, shi ya sa ba za a yanke "zamanin bauta" ba a ambaton farko. Daga baya sai a taƙaita, "gidan gandu".

Saura na cikin gari, irin na Natchez da Charleston, da ba su da gona a gefe. Waɗannan a ce musu "gidan zamanin bauta" kawai.