Ciwon jikin da gwaji ba ya gani

'Yar Argungu: Salamu alaikum. Shekara 3 ke nan jikina na ciwo, ko taɓarya ba na iya ɗagawa, in tashi barci kamar an yi mini duka. Gwajin jini lafiya lau. Gwaggo ta ce sammu ne, likita ya ce faibiromayaljiya. Da gaske akwai ta?

Malamin jinya, Jega: Akwai ta, 'yar'uwa, cuta ce mai sa ciwon jiki ko'ina da gajiya. A 2002 Farfesa Daniel Clauw na Jami'ar Michigan da abokansa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, suka ga matsin da mai lafiya bai damu da shi ba, mai ita zafi take ji sosai. Wato ƙwaƙwalwa ce ke ƙara ƙarfin zafin, kamar rediyon da aka ƙure wa murya.

Uwargida, Yawuri: Sannu. Ni 'yar tafiya bayan la'asar ta rage mini. Ki dai guji tiramol ɗin kemis.