Abin da muka tattauna kan rage nauyin kernel

Jiya bayan la'asar a Garwa, mu masu gyaran rauta (na'urar rarraba intanet) mun yi ta muhawara kan kernel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, da ya ƙi shiga filashi (ma'ajiyar rautar) mai megabayit 8.

Malam babbanmu ya ce maimaici ne ke kumbura shi: SHA-256, lissafin tantance bayanai, ɗaya ne, amma kowane direba (manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'ura) da nasa kwafin. Ya ce a koma ga na lib/crypto, rumbun lissafin tsaro na bai-ɗaya a cikin kernel, inda WireGuard, manhajar haɗa na'urori ta hanyar sirri, ke ɗaukar nata lissafin tsaron, ChaCha20 da Poly1305, tun 2020. In kwafi ɗaya ne, kuskure ma sau ɗaya za a gyara shi.

Wani ya ce a kashe abin da ba a buƙata a Kconfig, inda ake zaɓar abin da zai shiga kernel, a auna da bloat-o-meter, mai nuna yawan nauyin da ya ƙaru ko ya ragu. Ni kuwa na ja kunne: kada garin neman 'yan kilobayit a jefar da AES na ARMv8, wato ɓoye bayanai da injin na'urar ke yi da kansa cikin sauri, na'urar ta koma tafiyar hawainiya.