Kun taɓa biyan kuɗin tsallake layi a wurin wasa lokacin hutu? Ku ba mu labari

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka gani da idonsu. Mu shida ne, ni da maigida da yara huɗu, kuma za mu kai su babban wurin wasa irin mai lilo da jiragen hawa da gangara. Kwana biyu muke da su, tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, don lokacin ne kaɗai hutun makarantarsu ya haɗu da hutun aikin babansu. Mun riga mun sayi tikitin shiga. Da na duba kuɗin tsallake layi na waɗannan ranakun sai gabana ya faɗi, ya kusa kamo kuɗin shigar kansa, kuma kowane mutum da nasa. Maigida ya ce a bari, ni kuma tsorona kada mu je mu yini a tsaye yara su dawo da ɓacin rai. Wanda ya biya da wanda bai biya ba, don Allah kowa ya faɗi yadda ta kaya masa.

Baban 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Daidai wannan makon muka je shekara biyu da suka wuce, kuma na ɗanɗana duka biyun. Ranar farko na ce ba zan ƙara ko sisi ba. Mun shiga wajen ƙarfe goma na safe, muka fito takwas na dare, abu huɗu kacal muka hau. Layin da ba zan manta ba shi ne wanda allon ƙofarsa ya nuna minti 110. Na ce wa yara mu daure. Layin nan lanƙwasa yake yi kamar hanji, ka zata ka iso sai a shigar da kai wani ɗaki ka tarar da sabon layi. Bayan awa ɗaya Hassan ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙarfen shinge, Hussaini ya ce fitsari yake ji. Uwarsu ta fita da shi tana ba mutane haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ta dawo ta sake ratsa su tana ba da haƙuri. Da muka hau, abin bai kai minti uku ba aka sauke mu.

Da daddare na sayi na washegari. Abu goma sha ɗaya muka hau, har muka samu lokacin zama mu huta da rana. Ba zan ɓoye miki ba, kuɗin ya yi mini ciwo, amma yaran ranar ta biyu suke ba da labari har yau. Idan aljihu zai ɗauki rana ɗaya, ku saya wa rana ɗaya.

Anti Mai Haƙuri:
Maman Iman, kafin ki biya komai ki nemo abin awo ki auna tsayin yaranki. Ni abin da ya ci ni ke nan. Na saya mana mu huɗu mai tsadar, wanda ya haɗa duk manyan lilo. Muna isa ƙofar na farko ma'aikaciya ta tsayar da ƙaramata a jikin sandar awo. Santimita 122 ake nema, ita kuma ta gaza da kamar faɗin yatsu biyu. Yarinyar nan ta yi ɗage, ta miƙe wuya, ma'aikaciyar ta ɗora hannu a kafaɗarta ta ce ta sauke dunduniya. Haka aka yi a wuri biyar. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ni kuma dole na tsaya da ita a waje, ke nan tikitina ma ya tafi a banza. Na je ofishinsu, suka nuna mini inda aka rubuta ba a mayar da kuɗi. Ban ga laifin ma'aikaciyar ba, tsare ran yarinyar take yi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne shafin sayarwar bai tambaye ni tsayin kowa ba kafin ya karɓi kuɗin.

Ƙananan lilon da ta iya hawa kuwa, rabinsu ba sa ma cikin tsarin tsallake layin.

Malam Injiniya:
Bari in ɗan yi bayanin abin da ake sayar mana, don da yawa muna biya ba mu san shi ba. Kowane lilo yana da adadin mutanen da zai iya ɗauka a awa, kuma kuɗinka ba ya ƙara kujera ko ɗaya. A ce yana ɗaukar mutum 1,500 a awa. Idan aka ware 1,000 ga masu layin gaggawa, saura 500 ne ga kowa da kowa. Mintin da aka rage maka, a kan wani aka ɗora shi. Shi ya sa za ka ga layin gama-gari bai yi tsawon a zo a gani ba amma ya ƙi motsi.

Kuma da can ba haka abin yake ba. Disney ta fito da FastPass a 1999, kyauta. Ka sa tikitin shigarka a na'ura, ta ba ka 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da za ka dawo, ka tafi harkarka. Na yi amfani da ita ina saurayi, kuma talaka da mai kuɗi duk takarda ɗaya suke karɓa. An dakatar da tsarin a 2020 lokacin korona, a 2021 aka dawo da shi da sunan Genie+ na kuɗi, dala 15 kan mutum a rana a Disney World da ke Florida. Daga baya farashin ya koma hawa da sauka gwargwadon cikar ranar. A 2024 aka sake masa suna Lightning Lane Multi Pass, aka kuma fito da Premier Pass wanda a ranakun cunkoso yake haura dala 400 kan mutum ɗaya a Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren wasan Disney World, ban da kuɗin shiga. Disneyland ta Paris ma ta koma na kuɗi a 2021, suna kiransa Premier Access. To Hajiya, farashin da ya tayar miki da hankali ba kuskure ba ne, makon da kuka zaɓa yana cikin mafi cika a shekara, kuma ranar da aka fi buƙatar abin ita ce ranar da ya fi tsada.

Ɗan Ƙofa:
Malam ya faɗi gaskiya. Na yi aikin hutu a irin wannan wuri lokacin ina karatu, kuma inda aka fi ajiye ni shi ne mahaɗar layukan biyu. Umarnin da aka ba mu a sarari yake: kada layin gaggawa ya taru. A ranar da babu cunkoso ina sakin wannan ɓangare kaɗan, wancan kaɗan, kowa na tafiya. A ranar hutu kuwa sai in saki mutum ashirin daga masu biya kafin in ɗaga igiya ga iyali ɗaya daga ɗaya layin. Mutumin da ke gaban igiyar yana ganin komai, taku biyu ne tsakaninmu. Akwai wani dattijo da ya goya jikarsa a wuya, ya tsaya a gabana kusan minti goma sha biyar bai ce mini uffan ba, ido kawai yake bin masu wucewa da shi. Da na ɗaga masa igiya har godiya ya yi mini. Na fi jin nauyin wannan godiyar a kan zagin da wasu suke yi mini.

Abu ɗaya da zan ƙara: ko kun biya, a irin wannan makon kada ku sa ran shiga kai tsaye. Na sha ganin layin gaggawa ya kai minti 25 ko 30, musamman bayan lilo ya tsaya an gyara, don duk waɗanda lokacinsu ya wuce tare suke dawowa.

Abu Safwan:
Ni dai ban saya ba kuma ba zan saya ba, ko da ina da hali. Muna tsaye a layi ɗana mai shekara bakwai ya ga yara sa'anninsa suna wucewa da gudu ta gefenmu, ya ce, "Baba, su ba sa layi ne?" Na ce sun biya ƙari. Ya yi shiru, can ya ce, "Mu ba mu biya ba?" Na biya mana, na tara kuɗin nan wata da watanni. Amma me zan ce masa? Wurin da aka gina don yara ne, a ce tun a nan za a fara nuna wa yaro cewa akwai ƙofar masu shi da ƙofar marasa shi. Ban zargi iyayen da suka saya ba, kowa farin cikin ɗansa yake nema. Tsarin ne ban yarda da shi ba, domin sai layin gama-gari ya yi ɗaci sannan na kuɗin yake samun kasuwa.

Ummu Nabila:
Abu Safwan, na fahimce ka, kuma maganar ɗanka ta taɓa ni. Amma ka dubi irin nawa. Da mahaifiyata muka je, tana da ciwon gwiwa, kuma burinta ta ga jikokinta a kan lilo ta ɗauke su hoto. Ba za ta iya tsayuwar awa biyu ba. Da ban biya ba da a benci za ta yini ita kaɗai. Sai da muka dawo na ji cewa wurare da yawa suna da tsari na daban ga masu lalura, wasu na ba da keken guragu haya, wasu na ba da lokacin dawowa ba tare da tsayuwa ba. Sharuɗɗan sun bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka mai irin wannan lalura ya tambayi ofishin kula da baƙi tun kafin ranar tafiya.

Ɗalibi a Jamus:
Iyayena, ku ba ƙaraminku dama. A nan zuwa da wuri-wuri ya fi zuwa da kuɗi. Ni ban taɓa biya ba, abin da nake yi shi ne in isa bakin ƙofa minti 45 kafin a buɗe, ana buɗewa in miƙe zuwa lilon da ya fi farin jini. A awa ɗaya da rabi na farko nakan hau manya uku, abin da da rana zai ci awa biyar. Lokacin fareti da lokacin wasan wuta na dare ma layuka suna sauka sosai, haka awar ƙarshe kafin a rufe. Sannan akwai layin mai hawa shi kaɗai, inda ake cike gurbin kujerar da ta rage da kai. Kyauta ne, sai dai ba za ka zauna kusa da naka ba, don haka ya fi dacewa da manyan yara.

Kuma ba ko'ina ake sayar da layi ba. A Europa-Park da ke nan Jamus, cikin manhajarsu kake kama layi a wasu lilo, ba ka biyan komai, lokacinka ya yi ka je.

Baban Zahra:
A kula, tsallake layi iri-iri ne, kuma sunan ba ya gaya maka komai. Na yi amfani da na Disney World da na Universal, wani babban wurin wasan na daban, a tafiya ɗaya. Multi Pass na Disney lokaci kake kamawa a waya, abu uku tun kafin ranar, waɗanda suka sauka a otal ɗinsu suna fara zaɓe kwana bakwai kafin zuwa, sauran mutane kwana uku. Ana ba ka tazarar awa ɗaya ka je ka hau, sannan ka kama wani. Lilo mafi farin jini kuma ba sa ciki, nasu daban ake saye. Express na Universal babu kama lokaci, ka je ƙofa ka nuna ka shiga, kuma akwai na hawa sau ɗaya akwai na hawa iya son ranka. Wasu manyan otal ɗinsu suna haɗa shi cikin kuɗin ɗaki, wanda ga iyali mai yawa lissafin yakan fi sauƙi. Idan irin na waya ne, a tafi da abin caji na hannu, kuma mutum ɗaya ya ɗauki nauyin wayar, don kusan yini zai yi yana duba ta.

A wata tafiyar daban, a wani wurin da ba waɗannan ba, hadari ya taso da la'asar aka rufe duk lilon da ke fili saboda walƙiya, awa biyu cur. Tikitin gaggawar yana aljihuna ba abin da ya tsinana mini. A karanta abin da suka ce game da ruwan sama kafin a biya.

Maman Iman:
Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Anti, na bi maganarki na auna su jiya da takalmansu a ƙafa. Manyan biyu sun wuce santimita 140, Iman tana 118, autan 97. Na buɗe taswirar wurin na lissafa, abu uku ne kawai cikin masu layin gaggawa Iman za ta iya hawa, autan kuwa ɗaya. Mun zauna da maigida mun yanke: ranar farko za mu bi shawarar ɗalibinmu, mu yi sammako ba tare da ƙarin kuɗi ba. Rana ta biyu za a saya wa manyan biyu da babansu kawai, ni in zagaya da ƙananan. Maganar Abu Safwan ta sa zan zaunar da su tun a gida in yi musu bayani, kada Iman ta ga an wuce da yayyenta ta wata ƙofa ta ɗauka an fi son su. Tambaya ɗaya ta rage mini: akwai babban lilo ɗaya da ni ma nake so in hau, yaya zan yi da autan?

Ɗan Ƙofa:
Hajiya, wannan mai sauƙi ne, kuma a yawancin manyan wurare kyauta ne. Ana ce masa musayar iyaye. Ku je ƙofar lilon gaba ɗayanku har da autan, don sai ma'aikaci ya ga yaron da idonsa. Ku gaya masa kuna son musaya kafin kowa ya shiga layi. Alhaji ya shiga da manyan, ke ki jira da ƙananan a inda za a nuna miki, idan ya fito ya karɓe su ke ki shiga ba tare da sake bin dogon layin ba. A inda na yi aiki muna barin wanda ya jira ya shiga da mutum ɗaya, don haka ɗaya daga cikin manyan yaranki zai hau sau biyu. Ki tambayi adadin a ƙofa, don kowane wuri da nasa.