Who, which da that: yadda muka same su a bakin masu Turanci

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna a kan abin da malaman nahawu ke kira ganga dogarau, wato guntun maganar nan da ake liƙa wa suna don a fayyace shi, irin "yaron da ya zo" ko "motar da na saya". A aji an koya mana na Turanci kamar lissafi: who na mutum, which na abu, that na kowa. Amma da ka fara jin masu harshen suna hira, sai ka ga kamar ba darasi ɗaya kuka karanta ba. Kowa ya ba mu abin da ya gani ko ya ji da kansa, a wurin aiki ne ko a karatu. Ƙa'idar littafi kam muna da ita.

Malamar Aji:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da abin da nake gani kullum a takardun ɗalibaina. Yarinya za ta rubuta: This is the pen which I wrote with it. Ko kuma: The man that I gave him the book is here. In na ja layi a ƙarƙashin it da him, sai ta ɗago kai tana kallona, don a kunnenta jimlar ta cika, cire su ne ma zai gurgunta ta. Kuma ba na ganin laifinta. Hausa ce ke magana ta bakinta: "alƙalamin da na yi rubutu da shi". Ba mai cewa "alƙalamin da na yi rubutu da" ya yi shiru, dole sai "shi" ya dawo ya rufe gurbin. Turanci kuwa so yake a bar masa gurbin a buɗe, don which ko that ya riga ya ɗauki aikin it tun daga farko.

Abin da ya yi min aiki shi ne, sai in sa su rubuta gajerun jimloli biyu, I met a woman da She repairs phones, in ce su haɗa. In sun haɗa sai in tambaya: to ina she ta shiga? Da kansu za su ce ai ita ce ta koma who. Ranar da yaro ya gane cewa who ɗin nan she ce ta sauya riga, ya daina kawo su tare.

Mai Amsa Waya:
Malama, ni nawa akasin na ɗalibanki ne. Aikina amsa kiran masu saye, yawancinsu daga Ingila. Farkon farawata abin da ya ɗaure min kai shi ne ba na ma jin who da which ɗin. Mutum zai ce: The lady I spoke to yesterday said it was sorted. Wani ya ce: The parcel you sent never arrived. Kunnena na jiran whom ko which ya nuna min inda aka dosa, sai in ji the lady I, the parcel you, sun wuce a guje. Daga baya na kama bakin zaren: sau da yawa in aka ambaci suna, nan take I ko you ko we ya biyo baya, to an haɗiye that ne. A yini guda sai in ji irin wannan ba adadi, whom kuwa sai a yi mako ban ji ta ba.

Ɗan Koyo:
To ke nan zan iya cewa The man called you is outside?

Malamar Aji:
A'a ɗana, nan ba a cirewa. Mutumin shi ne ya yi kiran, don haka who ko that sai ya tsaya: The man who called you is outside. In ka cire, the man called you ta zama cikakkiyar jimla, mai sauraro ya ɗauka ka gama, sai kawai is outside ta faɗo masa. Ana cirewa ne idan wani daban ne ya yi aikin: The man you called is outside. Ka ga a nan kai ne ka kira shi. Masanin harshen nan ɗan Denmak, Otto Jespersen, shi ya raɗa wa irin wannan suna contact clause, saboda gangar ta manne wa sunan babu komai a tsakaninsu.

Mai Gyaran Rubutu:
Ni waƙafi ne ya nuna min cewa wannan darasi ba wasa ba ne. A wani wuri da na taɓa aiki an aiko wa kowa saƙo: Staff, who have not returned the form, will not be paid this month. Wani abokin aikinmu da ya miƙa tasa takardar tun tuni ya karanta, ya miƙe tsaye, ya nufi ofishin kuɗi ransa a ɓace. Kuma gaskiyarsa. Da waƙafan nan biyu, saƙon cewa yake duk ma'aikata ba su mayar da takarda ba, kuma duk ba za a biya su ba. Abin da aka so faɗa shi ne waɗanda ba su mayar ba kaɗai, wannan kuwa ba ya ɗaukar waƙafi ko ɗaya.

Tun daga nan nake yi wa kowace ganga tambaya ɗaya: in na cire ta, har yanzu an san wa ake nufi? In an sani, ƙarin bayani ce, a killace ta da waƙafi: My mother, who is a nurse, works nights. Uwa ɗaya ce, ba sai an tantance ta ba. In ba a sani ba, to ita ce ke zaɓo mutumin daga cikin jama'a, a bar ta haka nan. A magana ma ana jin waƙafin, murya kan ɗan sauka kafin who. Kuma bayan waƙafi that ba ta shiga, cirewa ma ba a yi.

Sai rigimar that da which. Wani mai ba ni aiki a Amurka duk which ɗin da ba waƙafi a gabanta sai ya mayar da ita that. Na Ingila ko kallonta ba ya yi. Asalin abin shawara ce da H. W. Fowler, wani masanin Turanci ɗan Ingila, ya ƙarfafa a littafinsa na 1926, editocin Amurka suka riƙe ta kamar doka. The book which I bought ba kuskure ba ne. Ni dai that nake sawa a irin wurin, don ban taɓa ganin wanda ya mayar min da ita ba.

Mai Karatun Shari'a:
A takardun da muke karantawa the person to whom the notice is addressed da the date on which sun cika ko'ina, har bakina ya saba. Wata abokiyar karatuna 'yar Kanada ce ta ja ni gefe ta ce a hira the lecturer I spoke to ake cewa. Na ce mata ai an hana mu ƙare jimla da to ko with. Da na bincika sai na tarar hanin ba daga harshen ya fito ba. Mawaƙi John Dryden ne a 1672 ya soki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson a kan haka, masu auna Turanci da ma'aunin Latin suka ɗora a kai. Masu harshen kuwa ba su taɓa daina cewa the house I grew up in ba.

Tsohon Malami:
'Yata, na yarda da ke, amma kada yara su ji haka su watsar da whom. Na yi makin takardun jarrabawa da yawa, kuma to who ba ta wucewa a gabana. In ka kawo to gaba, whom ce dole. Haka some of whom da many of whom, suna nan da ransu a jaridu da labarai. Gwajin da nake ba ɗalibai: in amsar him ce, whom, in he ce, who.

Mai Tafinta:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni abin da aikin tafinta ya nuna min shi ne kowane harshe da abin da ya dame shi. Mu wanda, wadda, waɗanda, jinsi da adadi muke dubawa, mutum ne ko dutse ba ruwanmu. Su kuma mutum ne ko ba mutum ba, shi ke nan. Shi ya sa za ka ji mai kare ya ce my dog, who hates the rain, don a wurinsa karen ya shiga sahun iyali. Whose kuwa ta kowa ce, a company whose name I forgot daidai ne.

Wadda ta fi ba ni aiki ita ce which da ke komawa kan magana gaba ɗaya. Na taɓa yi wa wata mata tafinta, ta ce: He never called back, which really hurt me. Na tsaya ina neman sunan da which ta jingina da shi, babu. Rashin kiran ne duka ya yi mata ciwo. Sai na ce: "Bai ƙara kira ba, abin kuwa ya yi mata ciwo ƙwarai." Ɗan Koyo, ka kula da wannan "abin da" ɗin namu, yana yawan jan mutum ya ce everything what I said. Bayan everything da all, that ake sawa, ko a bar wurin haka: everything I said.