Mutum-mutumina na cikin kwamfuta yana sa takalmi mai tsini, magana ta kai gidan surukai

Badukun Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau abin ya zo kaina.

Ni baduku ne, a Aboabo nake nan Kumasi, shekarata 34, mata ɗaya, yara biyu. Takalman mata na fi yi, silifas na biki da masu tudu, da ƙwas-ƙwas idan an yi oda, ina kai wa masu shaguna a Kejetia da Adum. Shekara uku da suka wuce wani abokina mai gyaran kwamfuta ya sayar mini da tsohuwar laftof, ya sa mini Blender a ciki, manhajar da ake zana abu a juya shi ta kowane gefe. Niyyata in riƙa nuna wa kwastoma takalmi kafin in sa wuƙa a fata, don fata ta yi tsada, yanka ɗaya da ya karkace sai ya cinye ribar mako.

Daga nan na faɗa Second Life. Ga wanda bai sani ba, wata duniya ce a cikin intanet, kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe ta a 2003. Ba irin Free Fire ɗin da yaranmu ke bugawa ba ne, babu harbi, babu ci ko faɗuwa. Kana ƙera mutum-mutumin da zai tsaya a madadinka, ka sa masa kaya, ka shiga cikin mutane. Kusan duk abin da ke ciki mazauna wurin ne suka ƙera, suna sayarwa da kuɗin wurin, Linden, wanda kusan 250 ke yin dala ɗaya. Na buɗe ɗan shago ina sayar da takalman da na zana. Abin da nake samu bai wuce kuɗin data ba, amma a can babu fata, babu gam, babu mai cewa in kai masa kaya bashi sai bayan Salla.

Ga inda maganar take. Jikin maza da ake sayarwa a can, yawancinsu ƙafarsu a shimfiɗe take, ba ta karɓar tsini. Wani Bature ya roƙe ni in yi masa but na maza mai doguwar dunduniya, na sha wahala kafin ya zauna daidai. Da na gama sai na gwada a nawa mutum-mutumin don in ga tafiyarsa. To, ban cire ba. Shekara biyu ke nan. Baƙar fata ne kamar ni, da gemu, da kaftani fari da na ɗinka masa, da hula, sai jan but mai tsini. Ba zan yi muku ƙarya in ce talla kawai nake yi ba. Ina son ganinsa haka. Tsawona mita 1.60 ne, tun ina makarantar allo ake kirana Guntu, a sahun salla ma kafaɗata ba ta taɓa haɗuwa da ta kowa daidai ba.

Makon jiya ƙanen matata ya ari laftof ɗin zai cika wani fom. Ya gani, ya ɗauka da waya, ya jefa a guruf ɗin WhatsApp na gidansu ya rubuta "ga mijin Yaya". Kafin la'asar hoton ya zagaye Aboabo ya kai Asawase. Da dare na je bes ɗinmu shan ataya, wani ya tashi ya ba ni kujera ya ce, "Hajiya, bismilla." Aka fashe da dariya, ni ma na yi, amma shayin bai wuce mini ba. Yanzu surukina ya aiko yana son ganina ranar Juma'a bayan masallaci.

Ni ban taɓa zura ƙafata a mai tsini na fita ba, kuma ba ni da niyya. Tambayata: abin da mutum-mutumin ya sa, ni na sa? Kuma me zan ce wa Baba ranar Juma'a?

Alhaji Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na yi dariya har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Wanda ya kira ka Hajiya, ka ce ya je gida ya tambayi ubansa mene ne garanti. Zamanin mulkin soja na Acheampong, wajajen 1975, duk saurayin da ya isa a Kumasi garanti yake sawa, takalmi mai tudu kamar an ɗaura maka bulo a ƙafa, da wando mai faɗin baki yana sharar ƙasa, da suma afro. Ni da kaina na yi watanni ina tara kuɗin kwandasta kafin na saya. Ranar da na fara sawa na gurɗe a bakin kwata ina tsallakewa zan je zance, na yi sati biyu ina ɗingishi, yarinyar ma wani ta aura. Dattawan da ke sahun gaba a masallatan Zango yau, da yawansu akwai hotonsu da garanti a ƙasan akwati. Iyayenmu sun zage mu, amma 'yan iska suka ce da mu, ba wanda ya ce mun koma mata.

Surukinka in ya kai saba'in, ya san garanti. Kada ka tuna masa da bakinka, rashin kunya ne. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka bar shi ya gama faɗansa.

Malam Na Sabon Zango:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a yi hattara kada dariya ta rufe asalin maganar. Hadisin Ibn Abbas yana cikin Bukhari: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Wannan ba abin wasa ba ne, kuma shi ne abin da ke ran surukinsa ko bai furta ba.

Sai dai malamai, cikinsu har da Ibn Hajar a sharhinsa, sun bayyana cewa siffar tufafi tana bambanta gwargwadon al'adar kowane gari. Mu a Kumasi ba sai an kai mu nesa ba. Asantehene, sarkin Asante, zane yake yafawa a fadarsa ta Manhyia, manyan mutanensa duka haka, ba mai cewa sun yi shigar mata. Namiji ya ɗaura zane ya ratsa kasuwa a Kano, sunansa ɗan daudu. Kwalli kuma maza na sawa, sunna ce. Garantin Alhaji a lokacinsa kayan samari ne, shi ya sa ba a kira su mata ba. Siririn tsini kuwa, yau, a Zango, na mata ne, ba mai gardama. Kai ma ka sani, tunda ka ce ba za ka fita da shi ba.

Akwai kuma wani hadisi a Muslim, daga Abu Sa'id, na wata gajeriyar mace a Banu Isra'ila da ta yi wa kanta ƙafafun katako don ta yi daidai da dogayen mata biyu da take tafiya tare da su, har mutane suka kasa gane ta. Ka ga zafin gajarta ba a kanka ya fara ba.

Ni ba zan ce maka hoton da ke cikin kwamfuta hukuncinsa ɗaya da ƙafarka ba. Amma hannunka ne ya zaɓa masa, kuma kai ka ce kana so. Ka zauna da malamin da ya san ka, ka buɗe masa laftof ɗin ya gani da idonsa, kada ka ba shi labari da baki. Kuma ka duba da su wa kake zama a can da tsakar dare, wannan ya fi takalmin damuna.

Ɗalibar Tech:

Yaya Baduku, jan but ɗinka yana da tarihi, ko ka sani ko ba ka sani ba. Dunduniya mai tudu ta mahaya doki ce tun asali. Sojojin Farisa suna sa ta don ƙafa ta kama likkafa idan sun miƙe tsaye a kan doki za su harba kibiya. A 1599 Shah Abbas ya tura jakadu Turai, kuma a shekarun da suka biyo baya manyan Turawa maza suka rungumi takalmin don su nuna su ma jarumai ne. Sarki Luwi na 14 na Faransa ya mai da jar dunduniya alamar 'yan fada, a hotonsa na 1701 da Rigaud ya zana ana ganinta ƙarara. Mata daga baya suka ara. Sai cikin ƙarni na 18 maza suka sauka ƙasa, aka bar wa mata, ban da makiyayan shanu na Amurka da har yau but ɗinsu ke da dunduniya, saboda likkafar dai. A 2015 gidan tarihin takalma na Bata da ke Toronto ya yi baje koli guda a kan maza da dogon takalmi.

Amma kada ka kai wa surukinka Sarkin Faransa, zai ce to ka koma Faransa.

Abin da ya fi shafar tambayarka shi ne wani gwaji da Nick Yee da Jeremy Bailenson suka wallafa a 2007 daga jami'ar Stanford. Sun sa mutane cikin duniyar kwamfuta, wasu aka ba su dogon mutum-mutumi, wasu gajere, aka ce su yi cinikin raba kuɗi. Masu dogon suka fi ƙarfin hali wajen jawo kaso mai tsoka gefensu, masu gajeren suka fi saurin yarda da rabon da aka kware su. Binciken da suka biyo da shi a 2009 ya nuna halin yana ɗan bin mutum ko bayan ya fito ya zauna da wani ido da ido. Saboda haka ba zan ce "hoto ne kawai" ba. Ni a Roblox nake wasa da ƙannena, nawa mutum-mutumin namiji ne, don in na shiga da na mace saƙonnin banza ba sa barina. Na lura ko yadda nake rubutu yana canzawa.

Hajiya Mai Takalma, Kejetia:

Kowa ya kawo sarki da hadisi, ba wanda ya tambayi matarka.

Ƙanena, kai bes kake zuwa, a yi maka dariya kwana uku a manta, ƙungiyar ƙwallon Kotoko ta sha kashi a koma kanta. Ita ce za ta shiga gidan suna da gidan biki, a yi shiru in ta shigo, a bi ƙafarta da kallo. Shekara biyu kana abu a ɗaki ɗaya da ita, sai a guruf ɗin gidansu ta gani? Ni wannan ne laifinka a wurina. Tsinin bai dame ni ba.

Shekarata 22 ina sayar da takalma. Angwaye nawa suka zo shagona suna raɗa mini, Hajiya, akwai mai tudu a ciki wanda ba a gani? Amarya ta fi shi tsawo, yana tsoron hoto. Ina da su, a ƙasan tebur nake ajiyewa, kuma ba sa kwana. Maza na son tsawo kamar kowa, a ɓoye dai suke so. Naka ya fito fili ne kuma ja ne.

Mutum-mutumin naka kuma ya ji daɗinsa, ba ya hawa motar haya ta trotro, ba ya tsallake kwatar Aboabo da damina. A ba ka tsini mai santimita 10 ka tsaya a walima daga azahar zuwa magariba, da kanka za ka cire ka riƙe a hannu kamar yadda muke yi.

Shi kuma yaron da aka ara wa kwamfuta ya saka da tonon asiri, wa zai kira shi ranar Juma'a?

Badukun Aboabo:

Na gode ƙwarai. Hajiya, maganarki ta fi ta kowa zafi, kuma ita na fara bi. Jiya bayan yara sun yi barci na buɗe wa Maman Abba komai, shagon, da mutanen da nake hira da su, da saƙonnin. Malam, na bar ta ta karanta da kanta. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Da ta buɗe baki cewa ta yi kwana huɗu ba ta je ɗibar ruwa da safe ba, sai ta aiki Abba. Ban san haka ba, ina gida ɗaya da ita. Ta ce ba ta son hular da kaftanin a tare da but ɗin, shigar masallaci ce, in raba su. Na cire masa hula da kaftani, na sa masa kwat. But ɗin yana nan tukuna, ban yanke shawara ba, sai na ga malamina gobe.

'Yar uwa ta Tech, abin da kika faɗa ya tsaya mini a rai. Akwai mai shago a Adum da ya shekara yana karya mini farashi ina shiru, bara na ce masa ko ya biya sidi 120 ko in kwashe kayana, ya biya. A lokacin na ɗauka tsadar fata ce ta ba ni baki.

Alhaji, zan durƙusa in yi shiru kamar yadda ka ce. Surukata dai ta aiko a ɓoye cewa akwai wani hoto na Baba a akwatinta, in abin ya yi zafi za ta fito da shi.

Wani abu kuma: Maman Abba ta ce tunda na iya yi wa aljanin kwamfuta jan but, ita ma tana son nata na gaske kafin Salla, lamba 39. Tsinin da na zana siriri ne sosai, ƙarfen cikin tafi da nake samu a nan lanƙwashewa yake yi. Hajiya, wa ke kawo mai ƙarfi a Kejetia, kuma nawa ne dozin?